Yadda Ake Gano Inda Baƙin Mai Ke Yoyo a Injin Ban Ruwa da Tarakta

Gabatarwa

Noman rani a fadamun Kogin Binuwai, tun daga gundumar Namtari a ƙaramar hukumar Yola ta Kudu har zuwa Geriyo da ke gefen Jimeta, ya dogara ne a kan ƙaramin injin ban ruwa mai amfani da fetur. Irin wannan inji ya yaɗu a arewacin Nijeriya tun zamanin Shirin Fadama na farko a shekarun 1990, lokacin da aka ƙarfafa haƙa gajerun rijiyoyi a cikin fadama. Jihar Adamawa na cikin jihohin da suka ci gajiyar Fadama na biyu daga shekarar 2004. Da yawa daga cikin injinan da ke hannun manoma sun kwana biyu, wasu ma na hannu aka sayo su. Tsohon inji kuwa ba ya rasa yoyon mai.

Shinkafar rani da aka dasa a watan Janairu, kamar irin FARO 44, takan fitar da kai ne wajen watan Maris zuwa Afrilu, daidai lokacin da zafin Yola ke haura maki 40 a ma'aunin Salshiyas. A wannan mataki shinkafa ba ta jure ƙishirwa. Idan inji ya ƙone saboda rashin mai, aka kwashe mako guda ana neman kayan gyara, manomi zai girbe ƙaiƙayi mai yawa a maimakon tsaba.

Wannan jagora zai nuna maka hanyar da za ka bi ka gano ainihin inda man ke fita kafin ka kashe ko kwabo. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce: wurin da ka ga mai ya taru yana iya yin nesa da wurin da yake fitowa. Mai yana gangarawa ƙasa, iskar fanka tana watsa shi, ƙura kuma tana rufe sawunsa. Saboda haka sai ka wanke injin, ka bi sawun man har zuwa tushensa.

Abin da ya sa ɗigo kaɗan ke da haɗari

Injin famfo mai bakin inci 2 ko inci 3, irin Honda GX160 da sauran injinan da aka ƙera a kan tsarinsa, yana ɗaukar baƙin mai kimanin lita 0.6 kacal. Ba shi da famfon mai, ba shi kuma da matatar mai. Akwai wani ɗan ƙarfe kamar cokali a ƙasan hannun fistin, wanda ke tsoma kansa cikin man a kowane juyi yana fantsama shi ga sassan da ke gogayya. Da zarar man ya ja baya har cokalin ya daina iske shi, ƙarfe zai fara cin ƙarfe, kuma cikin ɗan lokaci hannun fistin ya kama ko ya karye.

Yi wannan lissafi da kanka. A ɗauka ɗigo 20 ne ke cika mililita 1. Idan injinka na zubar da ɗigo 1 a kowane daƙiƙa 10, to a awa guda ya zubar da ɗigo 360, wato mililita 18. A aikin awa 8 ya yi asarar mililita 144, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk man da ke cikinsa. Ka ga ke nan yoyon da ake rainawa yana iya kai inji ga halaka cikin kwana biyu ko uku.

Akwai wata illar kuma. Waɗannan injina iska ce ke sanyaya su ta cikin haƙarƙarin da ke jikin silinda. Idan mai ya jiƙa haƙarƙarin, ƙurar hunturu ta manne a kai, sai ta zama kamar bargo. Injin ya ƙara zafi, robobin da ke tare mai su ƙara bushewa, yoyon ya ƙara yawa.

Mataki na farko: tabbatar da cewa yoyo ne

Mai yana raguwa ta hanya biyu, ko dai ya zuba waje ko kuma ya ƙone a cikin silinda. Kafin ka fara neman rami, lura da waɗannan alamu:

1. Hayaƙi mai launin shuɗi-shuɗi daga salansa yana nuna injin na ƙona mai. Yawanci ringin fistin ne ya cinye, ko kuma an cika man ya wuce ƙima.
2. Idan ka kwance filogi ka ga bakinsa a jiƙe da baƙin maiƙo, wannan ma alamar ƙona mai ce.
3. Idan babu hayaƙi, filogi a bushe yake, amma man na raguwa, to yoyo ne.
4. Idan man ƙaruwa yake yi maimakon raguwa, ya tsinke kuma yana warin fetur, to kafireto ne ke zubar da fetur cikin tukunyar mai. Irin wannan tsinkakken mai yana bin kowace kafa ya fito, har ka zaci robobin injin duka sun lalace. A gyara kafireto, a sauya mai, kuma a riƙa rufe makullin fetur duk lokacin da aka kashe injin ko za a ɗauke shi a kan babur.
5. Idan man ya koma launin shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa. Wannan na faruwa ga injin da ambaliya ta rutsa da shi, kamar yadda aka gani a shekarun 2012 da 2022 lokacin da Binuwai ya cika ya batse bayan sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru. Kada a tayar da irin wannan inji sai an zubar da man, an sa sabo, an sake sauyawa bayan ɗan gajeren aiki.

Auna man yadda ya kamata. Ajiye injin a wuri mai daidai, a kashe, ka cire marufin da ke ɗauke da ma'auni, ka goge, ka mayar ba tare da ka murɗa shi ba, sannan ka ciro ka duba. A irin waɗannan injina, man ya cika idan ya kai leɓen bakin da ake zuba shi. Wanda ya karkata injin don ya ƙara zuba mai, ya jawo wa kansa yoyo da hannunsa.

Mataki na biyu: wanke injin

Ba za ka iya gano komai a jikin injin da ya yi shekara yana tara maiƙo da ƙura ba. Tanadi kananzir kaɗan, tsohon buroshi, garin sabulu, tsumma mai tsabta, farin kwali ko takarda, tocila, da toka mai laushi wadda aka tankaɗe ko hodar jiki.

Bari injin ya huce sarai. Cire hular filogi don kada ya tashi ba shiri. Ɗaure bakin matatar iska da na salansa da leda. Kwance murfin igiyar tayarwa da rufin fanka, domin a bayansu ne datti ya fi taruwa. Goge maiƙon da kananzir da buroshi, sannan ka bi da ruwan sabulu kaɗan, ka ɗauraye, ka shanya a rana har ya bushe ƙayau.

A kula: kada a wanke inji da fetur, domin tururinsa na kama wuta da ɗan tartsatsi. Kada a watsa ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ƙarfen na iya tsagewa. Kada kuma a yi wankin a bakin kogi, ko kusa da rijiya, ko a kan hanyar ruwan gona.

Mataki na uku: gwajin kwana

Bayan injin ya bushe, cika man daidai ƙima, ka barbaɗa toka ko hoda siriri a kan duk mahaɗai: kewayen murfin bawul, bakin zuba mai, notin zubar da mai, mahaɗar tukunyar mai da murfinta, da wurare biyu da karanshaf ya fito waje. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa, ka zana siffar gindin injin a kai da biro don ka san inda kowane ɗigo ya faɗo. Bar shi ya kwana ba tare da ka tayar ba.

Da safe ka duba. Inda mai ya fito, tokar za ta yi duhu. Yoyon da ya bayyana alhali injin na kashe yana nufin ramin yana ƙasa da inda man ya tsaya. Wuraren da za ka zarga su ne:

1. Notin zubar da mai da washarsa. Yawancin waɗannan injina suna da noti biyu, ɗaya a kowane gefe, kuma sau da yawa wanda ba a taɓawa shi ne ake mantawa da shi.
2. Ƙasan gaskit ɗin murfin tukunyar mai.
3. Tsaga a gindin injin, musamman kusa da ƙafafun da ake ɗaure shi a jikin firam. Injin da ake ɗauka a bayan babur a kan hanyar fadama mai gargada yana yawan samun wannan.

Mataki na huɗu: gwajin aiki

Idan kwalin ya kwana a bushe, yoyon na zuwa ne sa'ad da injin ke aiki. Mayar da rufin fanka, cire ledojin da ka ɗaura, ka tabbata akwai ruwa a cikin kan famfon, domin tayar da shi a bushe yana ƙona robar da ke tare ruwa. Yi gwajin a fili, ba a cikin ɗaki ko rumfa rufaffiya ba, saboda hayaƙin salansa na ɗauke da iskar guba marar wari da ke kashe mutum.

Tayar da injin na minti 5, ka kashe, ka duba da tocila. Idan ba ka ga komai ba, sake tayarwa na minti 10 yana jan ruwa kamar yadda yake yi a gona, ka sake dubawa. Gajeren lokaci shi ne sirrin wannan gwaji. Idan ka bar shi ya yi awa guda, man zai watsu ko'ina, ka koma inda ka fara.

Fara dubawa daga sama ka gangaro ƙasa. Idan ka ga layin mai, bi shi zuwa sama har inda tokar ta koma fara. Wurin da jiƙar ta fi tsayi, nan ne tushen. Ga wuraren da aka fi samu, daga sama zuwa ƙasa:

Murfin bawul. Gaskit ɗinsa yana bushewa da zafi. Man da ya fito daga nan yakan gangara kan silinda har ya ɗiga kusa da salansa, ka ji ƙauri. Gyaransa shi ne mafi sauƙi da araha.

Tiyon numfashi. Wannan ɗan tiyon roba ne da ya taso daga murfin bawul ya shiga gidan matatar iska. Idan ya tsage ko ya zame, zai riƙa fesa tururin mai. Buɗe gidan matatar ka duba. Idan soson ya jiƙe sharkaf da baƙin mai, to ko dai an cika mai fiye da ƙima, ko an karkata injin, ko ringi ya cinye.

Sandar gwamna. Wani siririn ƙarfe ne da ya fito daga saman tukunyar mai, wanda ke daidaita gudun injin. Yakan yi gumin mai kaɗan idan ya tsufa.

Marufan zuba mai. Suna da zoben roba a wuyansu. Idan zoben ya tsinke ko ya ɓace, man zai fito da zarar injin ya fara kaɗawa.

Wayar na'urar kashe inji. Injina da yawa suna da na'urar da ke kashe su idan mai ya yi ƙasa, kuma wayarta tana ratsa bangon tukunyar mai ta cikin wani noti mai zoben roba. Nan ma mai kan tsiyaya.

Sil na gefen fanka. Wannan robar tana kewaye da karanshaf a bayan babban faifan da ke ɗauke da fanka. Yoyonta ne ya fi ruɗar mutane, domin fankar tana kwashe man ta watsa shi kan silinda da kafireto, sai a yi ta sauya gaskit ɗin sama a banza. Alamarta ita ce mai a cikin rufin fanka da bayan faifan. Cire rufin ka haska tocila ta bayansa.

Sil na gefen famfo. Duba tsakanin injin da kan famfon. Idan baƙin mai ne ke ɗiga, sil ɗin injin ne. Idan ruwa ne, robar famfon ce ta lalace, kuma ya kamata a sauya ta da wuri, domin ruwan mai yashi zai sa karanshaf ya yi tsatsa, tsatsar ta yanke sil ɗin mai.

Mataki na biyar: nemi dalilin yoyon

Gano ramin rabin aiki ne. Manoma da yawa sukan sauya sil, bayan mako biyu ya sake zuba, sai su ce jabu aka sayar musu. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa abin da ya lalata na farkon yana nan bai gushe ba. Bincika waɗannan abubuwa huɗu.

Matsin iska a cikin tukunyar mai. Duk lokacin da fistin ya sauka, yana matsa iskar da ke ƙarƙashinsa, kuma hayaƙi kaɗan yakan sulale ta gefen ringi ya shiga ciki. Hanyar numfashi ce ke fitar da wannan matsi. Idan ta toshe da datti, ko ringi ya cinye har hayaƙin ya fi ƙarfinta, matsin zai tura mai ta kowace mahaɗa. Alamarsa ita ce yoyo a wurare da dama lokaci guda, tare da raguwar ƙarfin inji. A nan sabon sil ba zai yi magani ba sai an share hanyar numfashi ko an sauya ringi.

Karkatar inji. Manomi kan ɗora injin a kan gangaren gaɓar kogi don ya kusanci ruwa. Masu ƙera waɗannan injina sun iyakance karkatar da za su jure, kuma ga irin GX160 ba ta wuce digiri 20. Idan ya karkata, man zai taru a gefe guda ya danne sil, ɗaya gefen kuma ya rasa. Sare gaɓar ka daidaita wurin, ka shimfiɗa katako, sannan ka ɗora.

Lalacewar boris. Kama bakin karanshaf ka girgiza shi sama da ƙasa. Idan yana motsi, boris ɗin ya cinye, kuma zai buɗe bakin kowane sabon sil da aka sa. Shafa yatsa a inda leɓen sil ke zama. Idan ka ji kwari ko kaushin tsatsa, sai an goge wurin ko an ɗan matsar da mazaunin sil ɗin.

Ƙura da tsohon mai. Injin da ba shi da matatar mai, duk ƙurar da ta shiga tana zama a cikin man tana cin ringi da sil. Sabon inji a sauya masa mai bayan awa 20 na farko, daga nan kuma bayan kowace awa 100, a rage wannan tazara a lokacin hunturu. Ga mai ban ruwa awa 8 kullum, awa 100 ba ta kai mako biyu ba. A wanke soson matatar iska a kai a kai. A guji man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya wanda ba a san asalinsa ba.

Gyara

Gyara abu ɗaya a lokaci guda, ka fara da wanda ya fi tsayi a jikin injin, sannan ka sake wankewa ka maimaita gwajin toka. Sau da yawa idan an toshe na sama, sai a tarar na ƙasan ba yoyo ba ne, man da ya gangaro ne kawai.

1. Washar notin zubar da mai ta ƙarfe mai taushi ce, tana lanƙwashewa ta toshe kafa. A sauya ta idan ta baje. Naɗa leda ko zare a jikin noti ba gyara ba ne. Kada a matse notin da ƙarfin tsiya, domin tukunyar ta alminiyon ce, haƙoranta na saurin cinyewa.
2. Kafin a sa sabon gaskit, a kankare tsohon tas ba tare da an yi wa ƙarfen rauni ba. A ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wanda ke fuskantarsa, har su yi daidai.
3. Idan za a shafa gam na gaskit, a shafa siriri. Wanda ya yi yawa yakan ɓalle ya faɗa cikin mai ya toshe hanyoyi.
4. Idan za ka sayi sil a Jimeta, tafi da tsohon. Lambobin da ke jikinsa suna nuna faɗin ramin ciki, faɗin waje da kauri, a ma'aunin milimita. Gefen da ke da siririn zoben waya shi ne ke fuskantar cikin inji. Shafa wa leɓensa ɗan mai, ka tura shi daidai da guntun bututu mai faɗinsa, kada ka buga shi da bakin sukundireba.
5. Cire faifan fanka ko kan famfo aikin makanike ne mai kayan aiki. Buga bakin karanshaf da guduma kai tsaye yana lalata haƙoransa.
6. Toshe tsaga da gam mai ƙarfi zai iya riƙe ka na 'yan kwanaki har shinkafa ta wuce lokacin fure. Daga nan a kai wa mai waldar alminiyon ko a sauya tukunyar.

Kada ka yarda a yanke wayar na'urar kashe inji don wai tana damun ka da tsayawa. Tsayawar da take yi ita ce ke ceton injin. Idan mai ya cika, injin yana kan daidai, amma tana kashe shi, a gyara na'urar ko a sauya ta.

Tarakta da injin gas

Hanyar ɗaya ce ga tarakta, kamar Massey Ferguson 375 mai injin Perkins, da injinan gas masu silinda ɗaya da ake niƙa ko casar shinkafa da su. Sai dai tarakta na ɗauke da ruwaye iri-iri, don haka fara da tantance wanda ke zuba. Ɗiga shi a farar takarda. Man injin gas baƙi ne wuluk. Man giya da na haidurolik ya fi haske, launinsa kamar zuma. Man gas tsinkakke ne, yana da warinsa, yana kuma saurin bazuwa a takarda. Ruwan lagireto ba shi da maiƙo irin na mai.

Injin tarakta yana da famfon mai, saboda haka wasu wuraren ba sa zuba sai injin na aiki, kuma idan suka fara suna zubarwa da sauri. Fankar lagireto tana hura iska zuwa baya, don haka ka bi sawun man zuwa sama da kuma gaba. Duba murfin bawul, gindin matatar mai, na'urar da ke auna ƙarfin mai, sil na gaba a bayan fulin bel, da gaskit ɗin tukunyar ƙasa. Idan yoyon ya fara ne bayan an sauya matata, duba ko tsohon zoben roba ya manne a mazauninsa aka ɗora sabo a kansa.

A ƙarƙashin gidan kuloci akwai ɗan rami da aka bari don ruwa ko mai ya fita. Baƙin mai daga nan yana nuna sil na bayan inji, mai haske kuma yana nuna sil na akwatin giya. Gyaran kowannensu sai an raba taraktar gida biyu, aiki mai tsada. Kafin ka amince da haka, tabbatar da cewa man ba daga bayan murfin bawul yake gangarowa ba, domin yakan bi bayan injin ya ɗiga a daidai wannan wuri. Idan kuwa ya tabbata sil ɗin baya ne, kada a jinkirta har man ya jiƙa faifan kuloci ya fara sulɓi. A yi gyaran a ƙarshen rani, kafin huɗar damina ta kankama.

Gargaɗi: kada ka taɓa neman yoyon tiyon haidurolik ko bututun injekta da hannu. Man da ke fita da matsi mai ƙarfi yana huda fata ya shiga nama, kuma raunin na iya kai wa ga yanke yatsa. Yi amfani da guntun kwali. Wanda hakan ta same shi a garzaya da shi asibiti nan take, ko da ramin ya yi ƙanƙanta.

Yaushe za a ci gaba da aiki, yaushe za a tsaya

Idan gumi ne kawai da ke jiƙa toka amma ba ya ɗiga, kana iya ci gaba da ban ruwa, kana auna mai kowace safiya, ka gyara a ranar hutu. Idan yana ɗiga, auna man bayan kowace awa 2, ka ajiye galan ɗin mai a kusa, ka gyara cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan yana tsiyaya, ko yana zuba kan salansa, ko ka ji ƙarar bugun ƙarfe daga ciki, ko fitilar mai ta kama a tarakta, kashe injin nan take. Aron injin maƙwabci na yini biyu ya fi sayen sabo sauƙi.

Tsohon mai da ka zubar ka tara shi a jarka mai murfi. Kada ka zuba shi a gona ko a magudanar ruwa. Ruwan ƙarƙashin fadama yana kusa da sama, daga shi ne kuma mutane da dabbobi ke sha.

Ga malaman gona

Wannan darasi ya fi shiga idan an gani da ido. A watan Nuwamba, kafin a fara aikin rani, ku tara ƙungiyar manoma ku nemi ɗaya ya kawo injinsa mai yoyo. Ku wanke shi tare, ku barbaɗa toka, ku bar manoman su nuna tushen yoyon da kansu. Ku gayyaci makaniken da suka saba kai wa gyara, domin idan ya karɓi hanyar, zai ci gaba da koyar da ita bayan kun tafi. Inda manoma suka fi jin Fulatanci, a samu mai fassara daga cikinsu.

Ku ƙarfafa wa kowace ƙungiya ta ajiye ƙaramin akwati mai ɗauke da sil biyu na karanshaf, gaskit ɗin murfin bawul, washa, filogi da robar famfo. Ku koya wa kowane mai inji ya riƙe ɗan littafi inda zai rubuta ranar da ya sauya mai, awoyin aiki, da yawan man da ya ƙara. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin ban ruwa ya ƙaru ƙwarai, kuma injin da ringinsa ya cinye yana shan fetur da mai fiye da ƙima. Littafin zai nuna wa manomi lokacin da gyara ya fi ci gaba da lallaɓawa riba.

Kammalawa

Auna mai kowace safiya kafin ka ja igiya. Idan ka ga ya ragu, tantance ko ƙonewa yake ko zuba. Wanke injin, barbaɗa toka, gwada shi a kashe sannan a kunne na 'yan mintoci, ka bi sawun man zuwa inda ya fi tsayi. Nemi abin da ya haddasa yoyon kafin ka sayi kayan gyara, ka kuma sake gwadawa bayan gyaran. Domin ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinka ko ofishin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Adamawa mafi kusa da kai.